Ranar Da Fiffiken Injin Putnam Ya Karye

Masu ilmin ƙere-ƙere suna cewa ƙarfe ma yana gajiya. Duk wanda ya taɓa lanƙwasa waya ya miƙar da ita, ya sake lanƙwasawa har ta tsinke a hannunsa, to ya ga abin da suke nufi. Tun wajen 1860 wani Bajamushe, August Wöhler, ya gwada wannan a kan ƙarafan ƙafafun jiragen ƙasa, ya nuna cewa nauyi kaɗan ma, in ana ta maimaita shi, yakan karya ƙarfen da babban nauyi bai karya ba.

To, babu na'urar da wannan ciwo ya fi damu kamar injin iska mai ba da lantarki. A kowane juyi nauyin fiffike yakan ja shi nan ya ja shi can, ga iskar sama ta fi ta ƙasa ƙarfi, ga guguwa. A shekara ashirin, wato wa'adin da aka saba ɗibar wa injin, abin yakan haura sau miliyan ɗari.

A watan Oktoba na 1941 wani injiniya, Palmer Putnam, da kamfanin S. Morgan Smith suka kunna injinsu a kan dutsen Grandpa's Knob a jihar Vermont ta Amurka. Ƙarfinsa kilowat 1,250, fukafukansa biyu na ƙarfe, kowanne tan 8. Duniya ba ta taɓa ganin irinsa ba. A 1943 wani babban boris ya lalace, kuma saboda ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu sai da aka shekara biyu kafin a sami wani. An riga an ga tsaga a gindin fukafukan, an yi musu walda, amma ba halin ƙera sababbi. Aka sake tayar da shi a farkon Maris na 1945. Ran 26 ga watan, da tsakar dare, fiffike ɗaya ya ɓalle ya faɗi can nesa, ƙafa 750. Daga nan injin bai ƙara juyawa ba. A ganina ba daidai ba ne a ɗora wa yaƙi dukan laifin, tun da da idonsu suka ga tsagar, suka kuma kunna.

Abin mamaki, a wannan shekara ce M. A. Miner ya buga hanyar lissafa yawan ƙarfin da kowane juyi ke cinyewa, wadda har yau ake aiki da ita.

Mutanen Denmark suka bi a hankali. Injin da Johannes Juul ya kafa a Gedser a 1957 kilowat 200 ne kacal, fukafukai uku, an ɗaure su da ƙarafan tallafi, ya kuma yi aiki har 1967. Jamusawa kuwa suka gina Growian a 1983, mai kilowat 3,000. Tsaga ta hana shi sakat, awa 420 kurum ya yi aiki, aka rushe shi a 1988.