Rali Mai Zalɓe, Keken Da Ya Yi Wa GRA Hidima

Kafin GRA ta cika da motoci, keke ne ya riƙe ta. Unguwar Turawan mulki ce tun asali, an yi ta a wajen ganuwa. Iyayenmu da suka fara shigowa cikinta, kuku da masinja da mai gadi da ɗan kasuwa mai kawo kaya, a kan keke suke zuwa daga cikin gari. Wanda Allah ya hore wa kuwa Raleigh yake hawa, wanda muke ce wa Rali.

A birnin Nottingham na Ingila ake ƙera shi tun shekarun 1880, kuma sunan titin da aka fara aikin ne ya bi kamfanin. Ana gane shi da kan zalɓe a goshinsa. Tayarsa inci 28 ce, birkinsa na sandar ƙarfe ne ba waya ba, sirdinsa na fata. Kasuwarsa ta yi ƙarfi a Arewa har aka kafa masa masana'anta a Kano.

Me ya kayar da shi? Kuɗin Udoji na 1975 ya ɗora ma'aikata a kan babur. Ga Phoenix na ƙasar Sin da Hero na Indiya, masu kama da shi amma sun fi araha. Daga baya kekunan hawan dutse masu giya barkatai, waɗanda aka ƙirƙiro a Kalifoniya ta Amurka cikin shekarun 1970, suka shigo mana a gwanjo, yara suka koma kansu. A 2002 ita kanta masana'antar Nottingham ta daina ƙira.

Bara muka tarar da Ralin wani dattijon unguwar nan, Allah ya jiƙansa, ana shirin auna wa ɗan jari-bola shi a kilo. Da shi ya yi aikin masinja, da shi ya ciyar da iyali. Muka roƙi magada, suka sayar mana, muka ɗauki aniyar tayar da shi.

Taya da tif ba su ba mu wahala ba, a Wunti muka samu, tunda awonsu ɗaya da na Phoenix. Sirdi muka kai wa baduku ya ja masa sabuwar fata. Inda gizo ke saƙar shi ne gindin feda. Wani yaro mai gyara ya kawo sabon kofin boris, ya ƙi shiga, ya ɗauko guduma. Allah ya sa muna wurin! Wani tsohon mai gyaran keke ne ya warware mana: Ralin Ingila tiredinsa daban ne, zare 26 a inci guda, na yawancin sauran kekuna kuwa 24. Ka tilasta shi, ka kashe firam ɗin har abada. Maganinsa sai kayan wani Ralin. Wata uku muna cigiya kafin mu samu gawar wani a ƙauye, muka ciro abin da muke so. Fenti kam ba mu taɓa ba, mai muka shafa, baƙin ainihi ya fito.

Yau a kansa ake zuwa kasuwar Muda Lawal a dawo. Tun da aka cire tallafin fetur a Mayun 2023, masu yi mana dariya sun ragu.

Jama'ar unguwa, ku leƙa sito da bayan gida. In akwai tsohon Rali, ko da ya mutu murus, kada a auna shi a kilo, domin notinsa guda zai iya tayar da wani. Tsofaffin masu gyaran nan kuma sun kusa ƙarewa. Mu tura musu yaranmu tun suna da ƙarfin riƙe sifana.