Sanyi, Daji, Sankara: Wane Suna ne ke Kai Mace Asibiti?

A Rara da sauran garuruwan ƙasar Rabah da Wurno da Goronyo, da wuya ka ji mace ta ce bakin mahaifarta ne ke ciwo. In ma'aikaciyar lafiya ta tambaye ta, "Inna, mi ad damunki?" sai ta sunkuyar da kai ta ce, "Sanyi na, ɗiyata, ya daɗe gare ni." Da wannan amsa ta sauke nauyin kunya, ta kuma rufe ƙofar tambaya ta biyu.

Sanyi suna ne mai faɗi. Ƙaiƙayi sanyi ne, farin ruwa sanyi ne, ciwon mara da ciwon baya duk sanyi ne. Galibin matan da ke faɗin haka gaskiya suke yi, ƙananan cututtuka ne da magani ke kawarwa cikin kwanaki. Amma ruwan nan mai wari wanda ke gauraye da jini, wanda ke zuwa ya ƙi tafiya, shi ma a ƙarƙashin wannan suna yake fakewa. Kuma kowane suna da inda yake tura mai shi. Sanyi kemis yake tura mace, ko wurin mai magani da ke shela da lasifika ranar kasuwa. Ta sha jiƙo, ta yi tsarki da ruwan saiwa, ta samu sauƙin mako biyu, abu ya dawo. A haka shekara ke wucewa.

Suna na biyu daga makaranta ya fito. Duk macen da ta karanta Ahalari ko Risala ta san jini iri uku ne: na haila, na biƙi, da na istihala. A mazhabar Malikiyya haila ba ta wuce kwana 15, abin da ya zarce haka istihala ne, mace ta yi wanka ta ci gaba da sallarta da azuminta. Hukuncin daidai yake a muhallinsa. Matsalar ita ce da yawa daga cikin iyayenmu mata, da zarar an ce musu sallarsu ta inganta, sai hankali ya kwanta, tambaya ta ƙare. Alhali malamai da kansu "jinin ciwo" suke fassara istihala da Hausa, ciwo kuwa magani ake nema masa. Jinin da ke biyo bayan saduwa da miji, da wanda ke ɓullowa tsakanin haila da haila, da wanda ya dawo bayan mace ta manyanta al'ada ta ɗauke mata, su ne alamomin da likitoci suka fi ja wa mata kunne a kansu. Na so a ce duk malama ko malamin da aka kawo wa irin wannan tambaya ya ba da amsa biyu a tare, ta sallah da ta asibiti.

Sai abu ya yi nisa, mace ta rame, ta kasa zama cikin mutane saboda wari, sannan ake kiran suna na uku da murya ƙasa-ƙasa: daji. A bakin masu maganin gargajiya daji ya haɗa duk wani kumburi ko gyambo da ya ƙi warkewa, har da ƙafar mai ciwon suga. Sunan kuma yana tafe da dokarsa, wadda kowa ya sha ji: daji ba ya son allura, ba ya son ƙarfe, in aka taɓa shi sai ya fusata. A ganina babu maganar da ta cuci marasa lafiya a ƙasar Hausa kamar wannan. Asalinta ba ɓoyayye ba ne. Ana kai mutum asibiti bayan ciwo ya gama cin jikinsa, a yi masa aiki, ya rasu, sai a ce ƙarfe ne ya kashe shi, a manta da shekarun da aka ɓata a gida. Daga nan wani ya kawo zancen sammu ko jifa, a fara zargin kishiya.

A rediyo da bakin ma'aikatan lafiya kuwa "sankara" ake ji, wani lokaci "kansa". Kansa aro ce daga Turanci, su ma daga Latin suka samo ta, inda take nufin ƙaguwa, kamar yadda Larabawa ke kiran ciwon da ƙaguwar duka saraɗan. Sankara tamu ce, sai dai tana da maƙwabci mai rikita mutane, wato sanƙarau. Mutanen Sakkwato da Zamfara ba su manta da annobar sanƙarau ta 2017 ba, don haka mai shela a ƙauye ya kamata ya bambanta su da kyau, kada uwa ta ce ai an riga an yi wa ɗiyarta allurar rigakafin sankara, alhali ta sanƙarau aka yi mata.

Akwai kuma sakacin da muke yi na cewa "sankarar mahaifa" a taƙaice. Macen da ta ji an ambaci mahaifa, abin da ke faɗo mata shi ne za a cire mata ita, haihuwa ta ƙare, aure ya girgiza. Kalmar "baki" da muke yarwa ita ce mai ɗauke da albishir. Bakin mahaifa wuri ne da ma'aikaciyar jinya ke iya gani da idonta, da fitila da ɗan abin buɗawa, ba tare da an tsaga kowa ba.

Duk sunayen nan na ƙarshen labari ne. Farkonsa ba mu raɗa masa suna ba, kuma a nan ake ceton rai. Kusan dukkan sankarar bakin mahaifa ƙwayar cutar HPV ce ke jawo ta, binciken da ya sa Bajamushe Harald zur Hausen ya samu kyautar Nobel a 2008. Ta hanyar saduwa ake ɗaukarta, kuma ta yaɗu ƙwarai, har macen da ba ta taɓa sanin kowa ba sai mijinta tana iya samunta, saboda haka ba shaidar lalata ba ce. A jikin mafi yawan mata tana gushewa da kanta. A jikin wasu takan zauna, ta riƙa sauya fatar bakin mahaifa a hankali, shekara 15 zuwa 20 kafin ta zama sankara. Duk tsawon wannan lokaci babu jini, babu zafi, mace na daka tana surfe tana zuwa fadama cirar albasa.

A wannan tsakanin dubawar ba ta da wuya. Ma'aikaciya ta jiƙa auduga da ruwan khal, ta shafa a bakin mahaifa, ta jira minti ɗaya. Inda fata ta fara lalacewa sai ya yi fari. In tabon bai yi girma ba, akwai ƙaramar na'ura mai batir da ake ɗora kanta mai zafi a wurin na ƙasa da minti ɗaya, mace ta tashi ta koma gida a ranar, mahaifarta na nan. Akwai ma gwajin HPV wanda mace ke iya ɗaukar samfurin da hannunta, abin da zai yi wa masu kunya daɗi. Kwatanta wannan sauƙi da babban gashi da ake yi wa wadda ciwonta ya yi nisa da na'ura a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo da ke Sakkwato, wanda ke cin makonni. Ga kuɗin mota, ga na masauki da abinci, ga mai jinya da zai bar gona, ga fargabar 'yan bindiga a hanyoyin gabashin jihar.

Wannan tazara ita ce ke bayyana a alƙaluma. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2022 mata kusan 660,000 suka kamu da sankarar bakin mahaifa, kusan 350,000 suka rasu, kuma kashi 94 cikin 100 na mace-macen a ƙasashe matalauta da masu matsakaicin ƙarfi ne. A Nijeriya a 2020 an ƙiyasta sababbin kamu kusan 12,000 da rasuwa kusan 8,000. Tun watan Nuwamba na 2020 hukumar ta sa burin cewa zuwa 2030 a duba kashi 70 na mata sau biyu, a shekara 35 da kuma 45.

Me za mu kira wannan dubawa? Ana cewa "gwaji", amma gwaji a kunnen mutanenmu na wanda ake zargi da ciwo ne, shi ya sa mace ke cewa, "Ni lafiyata lau, mi za a gwada?" Muna da kalmar da ta fi dacewa, wato awo. Mai ciki tana zuwa awo da ƙafarta, lafiya lau, miji ya ba da izini da kuɗin mota, uwar miji ba ta ga abin kunya ba. Ni dai "awon bakin mahaifa" nake goyon baya. Matakin farko kuma a kira shi "tabon bakin mahaifa", a daina ce wa mai shi tana da daji, domin ba ta da shi.

Rigakafin HPV ma yana bukatar sunansa na gaskiya kafin jita-jita ta laƙaba masa na hana haihuwa, kamar yadda aka yi wa na shan inna a 2003. Nijeriya ta fara allurar HPV kyauta ga 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 a watan Oktoba na 2023, Sakkwato ta shiga a zagaye na biyu cikin Mayu 2024, kuma allura ɗaya ce tak.

Yin magana a fili kan ciwon da ake jin kunyarsa ba baƙon abu ba ne a wannan ƙasa. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda kabarinsa ke Wurno, ya yi rubutu kan maganin basur da ciwon ido, ƙanwarsa Nana Asma'u kuma ta tura jajis, wato malamai mata, ƙauyuka suna karantar da mata cikin harshensu. Malaman Islamiyya da ungozomomi da limaman Rara, ku ne magadansu, ku faɗa wa mata sunan abin. Kai kuma maigida, in iyalinka ta kai shekara 30, ka tambayi asibitin da ke kusa da ku inda ake awon bakin mahaifa, ka kai ta tun tana da lafiya.