Likitan da Ya Bi Sawun Kumburin Muƙamuƙi

A shekarar 1957 aka kai wani yaro asibitin Mulago da ke Kampala, ƙasar Uganda, muƙamuƙinsa a kumbure sama da ƙasa, haƙoransa suna girgiɗa. Likitan tiyata Denis Burkitt, ɗan ƙasar Ailan mai ido ɗaya, ya duba shi ya rasa gane kan cutar. Ba a daɗe ba ya ci karo da wani yaron mai irin wannan kumburi, sai ya koma tonon tsofaffin takardun asibiti. A 1958 ya wallafa cewa wata irin sankara ce mai kama yaran Afirka.

Abin da ya yi daga nan shi ya fitar da sunansa. A 1961 shi da abokansa likitoci biyu suka hau tsohuwar mota ƙirar Ford, suka yi tafiyar mil dubu goma a gabashi da kudancin Afirka, asibiti bayan asibiti, suna nuna hotuna suna tambaya ko an taɓa ganin wannan. Taswirar da suka zana ta nuna cutar tana bin wuraren zafi da yawan ruwan sama, ba ta cika hawa tsaunuka masu sanyi ba. Wato inda zazzaɓin cizon sauro ya yi kaka-gida, nan cutar take. A 1964 kuma Anthony Epstein da abokan aikinsa a Landan suka gano ƙwayar bairas a cikin ƙarin da Burkitt ya aika musu.

Ƙarin yakan iya ninkawa cikin kwana biyu, amma yana jin magani. A Ibadan, likita Victor Ngu ɗan Kamaru ya yi ta warkar da yara da allurar sankara, har ya samu lambar yabo ta Lasker a 1972 tare da Burkitt.

Duk da haka, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a ƙasashe masu arziki fiye da kashi 80 cikin ɗari na yara masu sankara suna warkewa, a yawancin ƙasashe matalauta kuwa ba su kai kashi 30 ba. Jinkiri na cikin manyan dalilai, da maganar nan da ake yi wai ciwon daji ba ya son allura, wadda tarihin nan ya ƙaryata. Iyaye, in muƙamuƙin yaro ko cikinsa ya kumbura cikin sauri, ko idonsa ya firfito, kada a tsaya shafe-shafe ana cewa hangum ne, a garzaya da shi asibiti.