ENTEBBE: GARIN DA SARAUTA TA BARI, RUWA YA RIƘE

Malamanmu masu girma da 'yan uwana tsofaffin ɗalibai, na tabbata ba ku manta da darasin tarihi na aji huɗu ba, inda aka tilasta mana haddace tafiye-tafiyen Gwamna Lugga kafin zuwansa ƙasarmu. A lokacin ni dai haddar cin jarrabawa kawai na yi. Sai ga shi bayan shekaru aiki ya kai ni ƙasar Yuganda, na zauna a Entebbe, bakin Tafkin Biktoriya, na ga abin da muka haddace da idona. Shi ya sa na ga ya kamata in ɗan gutsura muku tarihin garin.

A ƙarshen shekarar 1890 ne Lugga ya kafa sansani a kan tudun Kampala, yana wa wani kamfanin Ingila aiki. Amma a 1893 wani Bature mai suna Gerald Portal ya zaɓi wani tsiri da ya kutsa cikin tafki, kimanin kilomita 40 kudu da Kampala, ya mai da shi mazauninsa. Wurin shi ne Entebbe, kalmar da ke nufin kujera a harshen Luganda. Sunan kuwa ya bi jiki, domin nan kujerar mulkin Turawa ta zauna har zuwa 1962, lokacin da ƙasar ta sami 'yancin kai aka mai da Kampala babban birni.

Turawa sun bar alamunsu. Akwai lambun itatuwa da aka kafa a 1898, wanda har yau ake zuwa shan iska a cikinsa. Akwai cibiyar binciken cutar shawara da aka buɗe a 1936, wadda masananta suka gano ƙwayar cutar Zika a 1947, a wani ɗan kurmi mai wannan suna kusa da garin. Sai filin jirgin sama da aka buɗe a 1951, wanda duniya ta san sunansa a watan Yuli na 1976, sa'ad da sojojin Isra'ila suka dira cikin dare suka ƙwato fasinjojin wani jirgi da aka yi garkuwa da su, zamanin mulkin Idi Amin.

To, ga tambayar da ta daɗe tana damuna. Mu ma muna da Zungeru, wadda Lugga ya mai da hedkwatar Arewa a 1902, amma da aka koma Kaduna a 1917 sai ta koma ƙaramin gari. Me ya hana Entebbe bin sahunta? A ganina dalilai uku ne. Na farko, filin jirgi bai tashi ba, kuma fadar shugaban ƙasa tana nan. Na biyu, tafkin yana ciyar da mutane: ana kama karfasa da giwan ruwa, kuma daga mashigin Nakiwogo jirgin ruwa yake tashi zuwa tsibiran Ssese. Na uku, wanda ya fi duka, shi ne kusanci da Kampala.

Da Kampala ta cika ta batse, haya ta yi tsada, sai ma'aikata da 'yan kasuwa suka fara sayen filaye a kan hanyar Entebbe, suna kwana a bakin ruwa suna wuni a birni. Garuruwan kan hanya irin su Kajjansi da Abayita Ababiri suka yi ta faɗaɗa har suka kusa haɗewa. Gundumar Wakiso, wadda Entebbe ke cikinta, tana da mutane kusan miliyan 2 a ƙidayar 2014, amma a ta 2024 ta haura miliyan 3, ta zarce Kampala kanta nesa ba kusa ba. Na sha fita bayan sallar asuba don in riga cunkoso, in tarar ƙananan bas da 'yan acaɓa, waɗanda suke kira boda boda, sun riga ni cika titi. Wannan ne ya sa aka gina sabuwar babbar hanya da rancen ƙasar Sin, aka buɗe ta a 2018, aka fara karɓar kuɗin wucewa a 2022. Mai hali ya biya ya isa da wuri, talaka kuwa ya bi tsohuwar hanya ya yi haƙuri.

Sai dai kowane allazi da nasa amanu. Fadamun da ke gefen tafki, waɗanda ke tace ƙazanta kafin ta shiga ruwa, kuma kifi ke ƙwai a cikinsu, su ne ake cikewa da ƙasa ana gina gidaje da otal-otal da gonakin furanni. Masunta da suka gaji bakin ruwan kaka da kakanni sai ja da baya suke yi, katanga na biye da su. A 2020 tafkin ya tunatar da kowa iyakarsa, domin ruwa ya hau har ya wuce matsayin da ya kai a 1964, ya shiga gidaje da wuraren shaƙatawa da kasuwannin kifi. Da na ga hotunan wuraren da na sani ruwa ya shanye su, sai na tuna cewa ruwa ba ya manta hanyarsa.

'Yan uwa, a cikinmu yau akwai injiniyoyi da jami'an filaye da masu faɗa a ji. Duk wanda takardar rabon fili a bakin kogi ko madatsar ruwa ta zo teburinsa, don Allah ya tuna da Entebbe kafin ya sa hannu. Abin da ya raya garin shi ne ake neman kashewa da gini.

Allah ya jiƙan malamanmu da suka riga mu gidan gaskiya, ya ƙara wa na raye lafiya, ya kai mu taron baɗi. Wassalam.