Ƙofar Dam ɗin Goronyo da Lissafin da Ya Ci Shekara 200

1/ Jama'a, yau zare ne. Duk mai noman albasa ko shinkafa a fadamar Wurno, abincinsa na rataye da wani ƙarfe mai motsi cikin ruwa: ƙofar dam ɗin Goronyo. Ku biyo ni.

2/ An kammala dam ɗin a 1984 a kan Gulbin Rima. A daminar 2010 ya cika maƙil, aka buɗe ƙofofi, ruwa ya ci gonaki da gidaje tun daga Goronyo har Sakkwato. Gadar hanyar Jami'ar Danfodiyo ma ba ta tsira ba.

3/ To kafin a ɗaga ƙofa, ta yaya injiniya zai san ruwan da zai fita, da ƙarfin da ƙofar za ta sha? Wahalar ita ce: ƙofa na tura ruwa, ruwa na tura ƙofa, kowanne na sauya ɗan'uwansa kowace daƙiƙa.

4/ Labarin ya faro da Leonhard Euler, ɗan Suwizalan. A 1757 ya fitar da lissafin gudun ruwa, a 1765 kuma na motsin abu mai tauri. Irin wannan abu na da motsi 6: gaba-baya, dama-hagu, sama-ƙasa, da juyi iri 3. Ƙofar dam 1 kacal aka bar mata.

5/ Navier na Faransa a 1822 da Stokes a Ingila a 1845 suka ƙara kaurin ruwa cikin lissafin. Amma fa warware shi da biro ya gagari kowa. Tun 2000 akwai dala miliyan 1 a ajiye kan wata tambaya game da shi.

6/ Kwamfuta ce ta kawo mafita. A Los Alamos ta Amurka, Francis Harlow da abokan aikinsa suka riƙa yanka ruwa ƙananan gidaje, kamar fangalin albasa, ana lissafa abin da ke shiga da fita kowane gida.

7/ Sai wata rigima: idan ƙofa ta motsa, gidajen da ke jikinta sai su matse ko su yage. A 1972 Charles Peskin, mai nazarin marufan zuciyar ɗan Adam, ya bar gidajen tsaye, abin ya ratsa su. A 1974 Hirt, Amsden da Cook suka sa gidajen su bi abin da ke motsi.

8/ Yau ga yadda ake yi: a lissafa matsin ruwa a jikin ƙarfe, a matsar da ƙarfen ɗan ƙiris bisa dokar Newton, a gyara gidaje, a sake. Sau dubbai.

9/ Kar ku ɗauka wasa ne. Ran 17 ga Yulin 1995, wata ƙofar dam ɗin Folsom a Kalifoniya ta karye ana cikin ɗaga ta, kusan kashi 40 cikin 100 na ruwan ya tsere.

10/ Manhajar OpenFOAM kyauta ce, tana wannan aikin. Gulbin Rima namu ne, ambaliyarsa a kanmu take ƙarewa. 'Yan Wurno, Rabah da Goronyo masu karatun injiniya, ga taken furojet a ƙofar gida. A tura wa wanda ya dace.