Tarihinmu: albarushi mai hayaƙi da albarushi marar hayaƙi

 Yau hirarmu ta tarihi bisa albarushi take. Duk wanda ya taɓa ganin hawan salla a Damagaram ko Katsina ko Kano ya san ƴan bindiga. In sarki ya fito sai su ɗaga bindigoginsu sama su saki wuta, ƙasa ta girgiza, farin hayaƙi ya turnuƙe har mai doki ba ya ganin na gabanshi. Amma in soja ya harba tashi bindiga, ƙara ce za ku ji, hayaƙin ɗan kaɗan ne. Mi ya kawo wanga bambanci? Amsar tana cikin labarin yadda ƙasarmu ta faɗa hannun Faransawa, kuma tana da amfani ga duk maharbin da ke son ya tsufa da yatsunshi goma.

Mu fara da kalmomi, tun da karatu muke koyo. Bindiga, albarushi, harsashi, dukansu ukun daga Larabci Hausa ta aro su. Harsashi ma asalin ma'anarshi dalma ce, wadda ake narkawa a yi shi. Wannan ya nuna muku cewa ta hanyar Larabawa munka fara sanin waɗannan abubuwa. Mutanen Sin ne sunka gano albarushi, fiye da shekara 1000 da sunka wuce, daga nan ya kai ga Larabawa da Turawa. Ga shekara ta 1591 rundunar sarkin Maroko ta ƙetaro hamada da bindigogi, ta karya rundunar Askiya Isiyaka na Sanwai a Tondibi, kusa da Gawo, ko da yake mutanen Askiya sun fi su yawa nesa ba kusa ba. A wannan zamani kuma Mai Idirisu Alauma na Barno shina da ƴan bindiga Turkawa cikin rundunarshi.

Wancan albarushi na dā, baƙi, abu uku ake haɗawa: gawayi, da farar wuta, da wani irin gishiri da ake tacewa daga ƙasa. Kada ku ɗauka kanwa ce, ko gishirin Bilma. Wani ne dabam, kuma shi ya fi yawa cikin haɗin. Gawayi da gishirin akwai su nan ƙasarmu. Farar wuta ce ake jira ayari ya kawo daga arewa.

Babu sarkin da ya gane amfanin wanga abu a ƙasarmu kamar Tanimun na Damagaram, wanda ya yi sarautarshi mai tsawo daga 1851 zuwa 1884. Bai tsaya ga sayen bindigogi hannun fataken Turabulus ba. Ya sa ana daka albarushi cikin birninshi, ya sa maƙera suna zuba mishi igwa, ya gewaye birni da ganuwa. Masu tarihi sun ambaci bindiga wajen 6000 da igwa 40 a hannunshi. Ko da lissafin ya ɗan yi yawa, babu wata daula kusa da shi mai irin wannan ƙarfi, shi ya sa Damagaram, wadda da can ke ƙarƙashin Barno, ta zamo abin tsoro ga maƙwabta. Wanda ke son ƙarin bayani ya nemi littafin da Malam André Salifou ya rubuta bisa Damagaram, wanda anka buga nan Yamai ga shekara ta 1971.

To amma baƙin albarushi shina da aibi uku. Na farko hayaƙi: bayan harbi biyu ko uku ɗan bindiga ba ya ganin abokin gaba, shi kuwa abokin gaba ya san daidai inda yake. Na biyu dauɗa. In albarushin ya ƙone, fiye da rabin nauyinshi ba ya zama iska, shina tsayawa kamar toka da kunkunniya, wani ya fita da hayaƙi, wani ya manne cikin bututun bindiga, har harsashi ya ƙi shiga sai an wanke. Na uku damina: da ya sha danshi, shi ke nan, ya mutu. Ku ƙara da wahalar ɗuri. Sai an zuba albarushi ta baki, a tura tsumma, a tura dalma, a daddanna da sanda. Kafin a gama, mai doki da mashi ya iso. Ba banza ba Hausawa sunka raɗa wa irin wagga bindiga suna harba-ka-ruga.

Tanimun ya rasu ga 1884. Cikin wannan shekara ce, can birnin Paris, wani masani mai suna Paul Vieille ya gano sabon albarushi. Da mi ya yi shi? Da auduga, irin wadda manomanmu ke nomawa, bayan an jiƙa ta cikin wasu ruwaye masu ƙuna an sarrafa ta. Wanga sabon albarushi kusan duka shina zama iska in ya ƙone, hayaƙinshi kaɗan, dauɗarshi kaɗan, kuma ƙarfinshi ya kai ninki uku na baƙin. Ga 1886 Faransa ta fito da bindigar Lebel domin shi. Ku gwada ta da bindigar Gras ta 1874 wadda ta gada. Gras tana cin baƙin albarushi, harsashi guda ake sa mata, faɗinshi milimita 11, shina gudun mita wajen 450 cikin daƙiƙa guda. Lebel tana ɗaukar harsashi 8 cikin cikinta, faɗinshi milimita 8, gudunshi ya wuce mita 600. Ingila ma ba ta zauna ba, ga 1889 masananta sunka fito da nasu irin.

Sannan Turawa sunka rufe ƙofa. Ga watan Yuli na 1890 sunka sa hannu bisa wata yarjejeniya a birnin Burusal na Beljik, sunka ce domin hana cinikin bayi ne. Ciki akwai sharaɗin hana sayar da bindigogin zamani da harsasansu cikin mafi yawan Afirka, har da ƙasarmu, amma anka bar tsofaffin bindigogi masu ƙanƙara da baƙin albarushi na kasuwa. Ku duba da kyau: abin da sunka san ya tsufa shi sunka bar mana.

Shekara 9 bayan haka sakamakon ya bayyana. Ga 1899 rundunar Voulet da Chanoine ta shigo daga yamma, mafi yawan sojojinta baƙar fata ne da anka ɗauko daga Mali ta yau. Cikin watan Afrilu ta gamu da Sarauniya Mangu a Lugu, inda kibau da baka sunka fuskanci bindiga. Cikin watan Mayu ta ƙone Birnin Ƙonni, ta kashe jama'a masu yawa. Cikin watan Yuli Voulet ya sa anka kashe Kanal Klobb wanda Faransa ta aiko ya tsai da shi, sannan sojojinsu da kansu sunka kashe shi da Chanoine. Duk da wannan rikici, sauran rundunar ta ci gaba, ƙarshen watan Yuli ta gamu da Sarki Amadu Kuren Daga a Tirmini, yamma da birnin Damagaram. Amadu ba rago ba ne; shi ne ya kai yaƙi har ƙasar Kano zamanin Sarki Alu. Amma cikin yini guda rundunarshi ta watse, shi kuma anka kashe shi cikin watan Satumba.

A nan sai mu yi adalci ga tarihi. Ba rashin hayaƙi kaɗai ya ci Tirmini ba, domin cikin waɗannan shekaru sojojin Faransa a Afirka suna riƙe da Gras da Lebel duka. Babban abin shi ne harsashi mai kwanson tagulla da ake sawa ta baya, wanda ke ba soja damar harbi sau da yawa kafin namu ya gama ɗuri guda, kuma daga nesan da dalmarmu ba ta kaiwa. Sabon albarushi ya zo ya ƙara faɗin ramin. Shi ne kuma ya sa bindiga mai ruwa, irin wadda Ingilishi sunka kawo Kano da Sakkwato ga 1903, ta iya ɓarin wuta ba tare da ta toshe ba. Ku lura, da Kawsan ya samo bindigogin zamani da igwa daga wajen Libiya, shi da Sarkin Azbin Tagama sun tsare Faransawa cikin barikin Agadas tun daga Disamba 1916 har Maris 1917.

Wani zai tambaya, shin ba a iya haɗa albarushin nan biyu wuri guda? An yi. Cikin manyan igwa na jiragen ruwa akan ɗinka ɗan ƙunshin baƙin albarushi a gindin buhun sabon, domin baƙin ya fi saurin kama wuta, shi ke kunna ɗan'uwanshi. A Amurka kuma, tun wajen 1890 da ƴan kai, masu gasar harbin bara sunka juya dabarar. Sukan sa ɗan ƙanƙanin sabon albarushi a gindin kwanso, su cika sauran da baƙi. Zafin sabon shina ƙone mafi yawan dauɗar, sai mutum ya yi harbi da yawa bai tsaya wanke bututu ba. Amma ku san su wane ne waɗannan mutane: suna da ma'auni mai auna abin da bai kai ƙwayar gero ba, bindigoginsu na baƙin ƙarfe ne da anka gwada a masana'anta, kuma duk da haka wasu gasanni sun hana wanga haɗi sam.

Ga inda zancen ya shafe ku, maharba da ƴan bindigar sarki. Wani ya kan sami harsashin zamani, ya fasa shi, ya ga garin da ke ciki, ya zuba kaɗan ƙasa ya ƙyasta ashana. Sai ya ga shina ci sannu-sannu, alhali baƙin albarushi fuu guda yake yi ya ƙare. Sai ya ce, ashe wannan rago ne, bari in ƙara shi cikin bindigata. Wannan gwaji yaudara ce. Sabon albarushi a fili ne yake da sanyin hali. In anka kulle shi cikin bututu, gwargwadon matsin da ya samu, gwargwadon saurin cinshi, saurin kuma ya ƙara matsin, duk cikin abin da bai kai ƙiftawar ido ba. Bindigar da maƙeri ya yi da bututun ruwa ko sandar sitiyarin mota ba ta jure wannan. Wurin da matsin ya fi yawa shi ne gindin bututu, daidai inda fuska da hannun mai harbi suke. Ko a Turai da Amurka, masana'antun da ke ƙera bindigogin ɗuri ta baki suna buga gargaɗi jikin bututu cewa baƙin albarushi kaɗai za a sa. Kuma launi ba shaida ba ne, domin sabon ma sau da yawa baƙi-baƙi yake. In ba ku san asalin garin da ke hannunku ba, kada ya shiga bindigarku.