Tarihin Binciken Ƙwayoyin Gado Masu Cutarwa a Bakteriyar Kifi

A shekarar 1894, masana biyu a ƙasar Jamus, Emmerich da Weibel, suka bayyana wata bakteriya da suka samo daga jikin kifayen da ke mutuwa a wani wurin ƙyanƙyasa. Ita ce yau ake kira Aeromonas salmonicida. Cutar da take haddasawa kan fito wa kifi da kumburi mai kama da maruru, kuma ta fi addabar kifin salmon da danginsa na ruwan sanyi. Ɓarnarta a kogunan Birtaniya ta kai gwamnati ta kafa kwamiti, wanda ya fitar da rahotanni a 1930 da 1933 da 1935. An san mai laifi tun da wuri, amma an ɗauki fiye da shekaru ɗari kafin a gano makamin da yake kisa da shi.

Zato na farko ya faɗa kan gubar da bakteriyar ke zubarwa. Masana sun tace ruwan da aka rene ta a ciki, suka yi wa lafiyayyen kifi allurarsa, sai ya mutu. Daga cikin ruwan aka ware sinadarai biyu: ɗaya yana narkar da furotin, ɗayan kuma, mai suna GCAT, yana fasa ƙwayoyin jini. Shekaru da dama ana ɗaukar su a matsayin manyan makaman cutar.

Zato na biyu ya faɗa kan sulken bakteriyar. A 1978, Udey da Fryer suka nuna cewa nau'o'in da ke kisa suna da wani ƙarin rufi a bayansu. A 1981, Ishiguro da abokan aikinsa a Kanada suka lura cewa idan aka rene ta a zafin da ya wuce wanda ta saba, takan rasa wannan rufi, ƙarfinta kuma ya ragu. Daga baya aka gano ƙwayar gadon da ke samar da rufin, aka kira ta vapA. Amfanin rufin shi ne kare bakteriyar daga garkuwar jikin kifi.

Ana cikin haka, a 1988 Stanley Falkow na Amurka ya shimfiɗa ƙa'ida: ba za a ce wata ƙwayar gado ce ke cutarwa ba, sai an cire ta ƙarfin cutar ya ragu, an kuma mayar da ita ƙarfin ya dawo. Da Vipond da abokan aikinsa suka cire ƙwayoyin gadon gubobin nan biyu a 1998, bakteriyar ta ci gaba da kashe kifi. Ke nan gubar da ta yi kisa a cikin allura ba ita ce jigon cutar a cikin ruwa ba.

Babbar amsa ta fito daga Jami'ar Bern ta Suwizalan a 2002. Burr da abokan aikinta suka nuna cewa bakteriyar tana da wani tsari mai kama da allura, wanda take tura dafi da shi kai tsaye cikin ƙwayoyin jikin kifi. Idan aka lalata tsarin, sai ta kasa cutarwa. A 2003 aka gano cewa ƙwayoyin gadonsa suna zaune a kan filasmid, wato ƙaramin zoben DNA da ke wajen babban kundin gadon bakteriyar, kuma suna iya ɓacewa idan aka rene ta a zafin da ya kai wajen digiri 25. Wannan na nufin ɗakin gwaje-gwaje da kansa yana iya kwance wa bakteriyar ɗamara kafin a soma bincikenta.

Wannan tarihi ya shafi masu kiwon tarwaɗa a Najeriya da maƙwabtanta, domin 'yar'uwar wannan bakteriya, Aeromonas hydrophila, tana kashe kifi a tafkunansu. A yau na'urar gwaji tana iya nuna jerin ƙwayoyin gadon guba cikin yini ɗaya. To amma kama da wane ba ta wane. Samun ƙwayar gado a jikin bakteriya bai tabbatar da cewa ita ce ke kisa ba, kuma rigakafin da aka gina a kan irin wannan zato yana iya cinye kuɗin manomi ba tare da ya ceci kifinsa ba.